Memorin darussan "zaɓe": ya iya koyar da Kalbin, bai iya faɗin hujjar masu ja da shi ba

Memorin da masu teburin littattafai a bakin majami'un Katsina ke kira "memorin zaɓe" ya bazu, har ya kai ikilisiyoyin ƙauyukan Malumfashi da Ƙafur da Funtuwa. Darussa 24 ne na murya, da Hausa tsantsa, kowanne minti 40 zuwa 50, a kan tsohuwar muhawarar nan: Allah ne ke zaɓen wanda zai cetu bisa ga nufinsa kaɗai, ko kuwa ya zaɓi mutum ne domin ya riga ya ga zai ba da gaskiya? Ana haɗa shi da ɗan littafi na fotokwafi mai shafi 60, wanda aka jera ayoyin kowane darasi a ciki. Malamin mabiyin Kalbin ne, wato malamin tauhidin da ya riƙe ra'ayi na farko, kuma ya faɗi haka tun farkon darasi na ɗaya. Kuɗin bai wuce na memori mara komai da ɗan ƙarin fotokwafi ba, kuma ya ci kuɗinsa. Sharaɗinmu ɗaya ne: ba darasin saurare a kan babur ko a bakin garma ba ne. Sai an zauna, Littafi Mai Tsarki a buɗe, da biro a hannu.

Kafin a biya, a sa memorin a wayar da za a yi amfani da ita a gaban mai sayarwa. Duk darussan ba su cika gigabayit ɗaya ba, amma wasu masu turawa na zuba su a katin da ya haura gigabayit 32, kuma yawancin ƙananan wayoyi masu madannai da rediyoyin memori ba sa karanta irin wannan katin. Na gigabayit 4 ko 8 ya isa. Matsala ta biyu ita ce sunayen darussan: an rubuta 1, 2, 3 har 24, sai waya ta jera su 1, 10, 11, 12, darasi na 2 ya koma bayan na 19. Mutum zai tashi daga gabatarwa ya faɗa tsakiyar Romawa 9 bai san yadda aka yi ba. A sa mai turawa ya mayar da su 01, 02, 03. Sauti kuwa lafiya lau, in ban da darasi na 7 da na 15 da ƙarar janareta ta ci ƙarshensu. Sai kuma sunayen littattafai: malamin na cewa Yohanna da Timothawus irin na tsohuwar fassarar 1932, ɗan littafin kuma ya rubuta Yahaya da Timoti. Tsofaffi ba za su damu ba, amma a gaya wa 'yan ajin baftisma.

Darussa huɗu na farko tarihi ne, kuma ya yi daidai da bai fara da Kalbin ba. Ya fara da Agustin, bishof na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a 430, da gardamarsa da Felajiyus mai cewa mutum na iya bin umarnin Allah da ƙarfin da aka halicce shi da shi. Majalisar Kartej ta 418 ta yi watsi da koyarwar Felajiyus. Da yawa cikinmu na ɗaukar maganar zaɓe a matsayin rigimar Turawa, alhali a Afirka aka fara dafa ta. Daga nan ya bi ta kan Martin Luta, jagoran gyaran ikilisiya, da amsar da ya ba masani Erasmus a kan 'yancin nufin mutum a 1525, ya iso ga Jon Kalbin, haifaffen Faransa a 1509, wanda ya yi hidimarsa a Jeniba har ya rasu a 1564. Sai Yakubu Arminiyus, wanda shi ma a Jeniba ya yi karatu a hannun Beza magajin Kalbin, ya koyar a jami'ar Laiden ta Holan daga 1603 har rasuwarsa a 1609. Almajiransa suka miƙa wa hukuma takardar ƙorafi mai batutuwa biyar a 1610, Majalisar ikilisiya ta garin Dort a Holan ta zauna daga Nuwamba 1618 zuwa Mayu 1619 ta ba su amsa.

A nan ɗan littafin ya yi tuntuɓe, ya rubuta a shafi na 9 cewa Kalbin ne ya tsara "batutuwa biyar" da kalmar TULIP. A gyara da biro. Kalbin ya rasu shekara 54 kafin Dort ta zauna. Batutuwa biyar ɗin amsa ce ga biyar ɗin almajiran Arminiyus, har ma Dort ta haɗa na uku da na huɗu wuri guda. TULIP kuwa haruffan farko ne na batutuwan biyar, dabarar hadda ce ta masu Ingilishi wadda ta fito a farkon ƙarni na 20, kuma ba ta da wani amfani ga mai Hausa. Malamin ya kuma tsallake abin da ya kamata a faɗa: a Dort an kira Episkofiyus, jagoran almajiran Arminiyus, da 'yan uwansa ne a matsayin waɗanda ake tuhuma, aka sallame su daga zauren a Janairu 1619, daga baya aka tuɓe fastocinsu wajen 200. Faɗin wannan ba ya rushe koyarwar Dort, amma ɓoye shi na sa mai saurare ya zaci zaman mahawara aka yi ido da ido.

Bayaninsa a kan lalacewar ɗan Adam ya fi na littattafai da yawa. Ya ce ba ana nufin kowa ya kai maƙura a mugunta ba. Ya kawo misalin ɗigon fiya-fiya a randa: ruwan bai zama tsantsar guba ba, amma ba moɗar da za ka ɗiba ka ce wannan ta tsira. Haka zunubi ya taɓa tunani da sha'awa da nufi. Abin da bai faɗa ba shi ne Arminiyus ma haka ya koyar. Batu na uku na takardar 1610 ya ce mutum ba zai iya tunani ko nufi ko aikata abin kirki na gaske da kansa ba sai an sake haifuwarsa. Inda suka rabu shi ne batu na huɗu: alherin da ke fara aiki a zuciya, mutum na iya ƙinsa ko ba ya iyawa? Malamin ya zuba Arminiyus da Felajiyus a kwando ɗaya, ya maimaita hakan sau da dama. Wannan ne babban aibin memorin, domin wanda ya haddace shi zai je ya ce wa ɗan'uwansa "kai kana cewa kai ka ceci kanka", maganar da Arminiyus da Jon Wesli, mai wa'azin Ingila da ya bi ra'ayinsa, ba su taɓa yarda da ita ba.

Sai kalmar da ta fi kowace nauyi a kunnen Bakatsine: ƙaddara. A bakin mutane, in aka ce ƙaddara ta faɗa wa wani, gobara ce ko haɗari ko karayar arziki. "Ƙaddara ta riga fata" magana ce ta rarrashin wanda ya yi asara. Maƙwabtanmu Musulmi kuma imani da ƙaddara na cikin shika-shikan imaninsu shida, malamansu sun daɗe da tasu muhawarar tsakanin Jabariyya da Ƙadariyya da matsayin da Ash'ariyya suka tsaya a kai. To mai saurare ya zo da duk wannan kaya a kansa, sai ya ji an ce Allah ya ƙaddara wasu ga ceto. A darasi na 5 malamin ya ce abin "kamar dai yadda kowa ya san ƙaddara ne", ya wuce. Wannan gajeriyar hanya ba ta yi wa kowane ɓangare adalci ba.

Da ya tsaya ya ƙirga, da ya taimaka ƙwarai. Kalmar Helenanci, harshen asali na Sabon Alkawari, da ke nufin tsai da abu tun da wuri sau 6 kacal ta fito a Sabon Alkawari: Ayyukan Manzanni 4:28, Romawa 8:29 da 30, 1 Korintiyawa 2:7, Afisawa 1:5 da 11. Ɗaya a kan mutuwar Almasihu take, ɗaya a kan hikimar da Allah ya tanada domin ɗaukakar masu bi, sauran huɗun a kan masu bi ne, su ɗauki kamannin Ɗansa, su zama 'ya'ya da magada. Babu inda aka yi amfani da ita a kan masifa ko a kan tura wani ga hallaka. Kalbin kansa, a bugun ƙarshe na babban littafinsa na koyarwa a 1559, ya raba batutuwan biyu: yadda Allah ke tafiyar da al'amuran duniya ya sa shi a kashi na 1, zaɓe kuma ya kai shi kashi na 3, babi na 21 zuwa 24, bayan ya gama bayanin bangaskiya da barata, wato yadda Allah ke karɓar mai zunubi a matsayin mai adalci, da addu'a. Duk mai jagorantar aji da memorin nan ya ba wannan bambanci zama guda cur kafin a shiga darasi na 6, in ba haka ba 'yan aji za su fita suna cewa "in da rabo zan cetu".

Zuciyar memorin ita ce darasi na 9 zuwa na 12, a kan Romawa 9, kuma a nan aka ga ƙwarewar malamin. Ya bi surar aya-aya. Ya nuna Bulus ya fara da baƙin ciki a kan ceton 'yan uwansa, ba a kan rabon ƙasa ba. Ya tsaya a aya ta 6, cewa ba duk zuriyar Isra'ila ne Isra'ila ba, wato akwai zaɓe a cikin zaɓaɓɓiyar al'umma. Ya tsaya a aya ta 11, inda aka fifita Yakubu tun tagwayen ba a haife su ba, ba su yi nagarta ko mugunta ba. Hujjarsa mafi ƙarfi ita ce ƙorafe-ƙorafen da Bulus ya kawo da kansa a aya ta 14 da ta 19: ashe Allah ba ya adalci? Don me har yanzu yake ganin laifi? Malamin ya ce da Bulus na nufin Allah ya hango bangaskiya ne ya zaɓa, ba wanda zai yi wannan ƙorafi, kuma da amsar ta yi sauƙi. Bulus bai ba da wannan amsar mai sauƙi ba, sai ya kawo maginin tukwane da yumɓunsa. Duk wanda ke ɗaya ɓangaren dole ya yi gumi a kan wannan.

Amma ya ba sura ta 9 darussa huɗu, ya ba ta 10 da ta 11 rabin darasi, alhali magana ɗaya ce Bulus ya ja daga 9:1 har 11:36. Abin da aka ce wa Rifkatu a Farawa 25:23 al'ummai biyu ne a cikinta. Maganar ƙaunar Yakubu da ƙin Isuwa daga Malakai 1:2-3 take, ɗaruruwan shekaru bayan mutuwarsu, kuma Isra'ila da Edom ake nufi a can. A ƙarshen Romawa 9, da Bulus ya tambayi abin da ya hana Isra'ila samun adalcin da take nema, amsarsa a 9:32 ita ce ba ta nema ta wurin bangaskiya ba. A 10:21 Allah na miƙa hannu yini guda ga masu taurin kai. A 11:20-23 an sare rassa saboda rashin bangaskiya, kuma ana iya sake ɗaura su in sun daina. Waɗannan su ne ginshiƙan masu cewa zaɓen na jama'a ne a cikin Almasihu, kuma malamin bai karanta ko ɗaya daga cikinsu da irin natsuwar da ya karanta 9:11 ba. Maganar Fir'auna ma rabi ya kawo. Gaskiya ne tun a Fitowa 4:21 Allah ya ce zai taurare zuciyarsa. Amma a 8:15 da 8:32 Fir'auna ne ya taurare tasa, kuma sai a 9:12, bayan annoba ta shida, aka fara cewa ƙarara Ubangiji ya taurare ta. Duka biyun suna nan a rubuce, kuma a kan yadda za a haɗa su ake muhawarar.

Akwai wani abu a Romawa 9:22-23 da mabiyan Kalbin masu lura kan nuna, shi kuma bai nuna ba. Tukwanen jinƙai an ce Allah ne ya shirya su tun da wuri. Tukwanen fushi kuwa an ce shiryayyu ne ga hallaka, ba a ambaci wanda ya shirya su ba. Dort ma a jawabinta na rufewa ta ƙi yarda a ce yadda zaɓe ke haifar da bangaskiya haka ƙyale waɗanda ba a zaɓa ba ke haifar da kafirci. Rashin wannan bayani ya sa darasi na 12 ya fi Dort tsanani.

A Yahaya 6:44 ya ce kalmar "jawo" ita ce ta jan taru a 21:6 da 11, kuma taru ba ya shawara da kifi. Kalmar ɗaya ce, hakane. Amma ita ce kuma a 12:32, inda Yesu ya ce zai jawo kowa gare shi, ita ce kuma tsohuwar fassarar Helenanci ta sa a Irmiya 31:3 a kan jawowa da ƙauna. Ma'anar kalma ba ta yanke wannan shari'a. Hujjar Kalbin mai ƙarfi tana rabin ayar na biyu, cewa wanda aka jawo shi ne za a tasa a ranar ƙarshe, tare da aya ta 37 da ta 39. Masu ja kuma na riƙe da aya ta 45, duk wanda ya ji ya kuma koya daga Uba yakan zo. Haka a Afisawa 2:8 ya ce "wannan" da aka kira baiwar Allah bangaskiya ce. A Helenanci jinsin kalmar bai dace da "bangaskiya" ba, bai kuma dace da "alheri" ba, shi ya sa masana da yawa ke mayar da ita ga ceton baki ɗaya, kuma Kalbin kansa haka ya fassara ta a sharhinsa. Filibiyawa 1:29 ta fi dacewa da abin da malamin ke son kafawa. Ayyukan Manzanni 13:48 da labarin Lidiya a 16:14 kuwa ya yi musu aiki mai tsabta.

Darasi na 17 da na 18, a kan ayoyin "kowa", su ne mafi rauni. A 1 Timoti 2:4 ya ce "dukan mutane" na nufin kowane irin mutane, tunda ayoyin sama sun ambaci sarakuna da masu mulki. Tsohon bayani ne, tun Agustin, amma ya kamata a san Spurjin, sanannen mai wa'azin Ingila wanda ba mai shakkar Kalbiniyancinsa, ya ƙi shi a wa'azinsa a kan wannan aya. A 2 Bitrus 3:9 ya taƙaita ta ga zaɓaɓɓu, alhali Kalbin ya ɗauke ta a kan nufin Allah da aka bayyana ga kowa cikin bishara, ya bambanta shi da ɓoyayyen nufinsa. Ezekiyel 33:11 da kukan Yesu a kan Urushalima a Matiyu 23:37 minti uku suka samu. A batun waɗanda Almasihu ya mutu dominsu ya yi ta nanata "iyaka", wato domin zaɓaɓɓu kaɗai ya mutu, bai karanto abin da Dort ta faɗa a kashi na biyu na hukuncinta ba: mutuwar Almasihu ta isa ta kuma yi yawa ga zunuban duniya duka, kuma dole a yi shelar alkawarin bishara ga dukan al'ummai da mutane ba tare da bambanci ba. A wuri irin namu, inda mai bishara ke taka ƙafa zuwa ƙauyen danginsa da ba su karɓa ba, wannan jimla ta fi komai amfani.

Ya farfaɗo a darussan ƙarshe. Ya haɗa Yahaya 10:27-29 da 1 Yahaya 2:19, bai kuma guje wa Ibraniyawa 6:4-6 ba, ya yarda aya ce mai wuya. Ya ja kunne sosai cewa jimrewar tsarkaka, wato koyarwar cewa zaɓaɓɓe zai ɗore cikin bangaskiya har ƙarshe, ba lasisin zunubi ba ce ga wanda ya taɓa ɗaga hannu a taron farkawa. Ga mai tambaya "ya zan san an zaɓe ni?" ya ba da amsar Kalbin, cewa Almasihu ne madubin da ake duba zaɓe a ciki, kada mutum ya leƙa ɓoyayyen shirin Allah, ya kawo Maimaitawar Shari'a 29:29. Ya kawo Wiliyam Keri, wanda ya tafi Indiya aikin bishara a 1793, da mai wa'azi Jorj Witfild, dukansu mabiyan Kalbin, a matsayin shaidar cewa koyarwar ba ta kashe bishara, ya kuma faɗi yadda Witfild da Jon Wesli suka saɓa a kanta a fili wajen 1740, daga baya Wesli ne ya yi wa'azin tunawa da Witfild a 1770. Da ma ya ƙara sashe na 17 na kashi na farko na Dort, wanda ya ce iyaye masu bi kada su yi shakkar ceton 'ya'yansu da suka rasu suna jarirai, domin wannan tambaya ce da fastocinmu ke sha a gidan makoki.

Wa ya dace da shi? Fastoci, masu bishara, dattawan ikilisiya da malaman makarantar Lahadi na manya. A Najeriya ikilisiyoyin da suka gaji koyarwar Dort a hukumance su ne irin su NKST ta ƙasar Tibi da CRCN ta wajen Takum da Wukari. A nan Katsina benci ɗaya kan ɗauki mai wannan ra'ayi da mai wancan, don haka kada a kunna shi a lasifika bayan sujada a bar mutane su watse da shi. Sabon tuba kuma a bari ya gama ajin baftisma tukuna.

Tsarin da ke aiki shi ne mutum shida zuwa goma, darasi ɗaya a mako, awa ɗaya da rabi. Kafin a kunna, a karanta dukan surar da ayar ke ciki da ƙarfi, daga fassara biyu in akwai. A dakatar da muryar duk inda ya ambaci aya, a duba ayoyi biyar na sama da biyar na ƙasa. In ayar an ɗauko ta ne daga Tsohon Alkawari, a koma can a ga wa ake wa magana. A naɗa mutum ɗaya kowane mako ya shirya hujjar ɗaya ɓangaren, ya faɗe ta yadda mai ita zai ji ya ce "haka nake nufi". Romawa 10 da 11 a ware musu makonni biyu na musamman bayan darasi na 12, Ezekiyel 18 da 33 kuma mako ɗaya kafin darasi na 17. Da waɗannan, da zaman da aka ware wa kalmar ƙaddara, darussa 24 za su ɗauki mako 28. Takardar ɗan littafin ba ta jure damina, a kai a sa masa bangon leda tun ranar da aka saya.